Makullin ɗakin gwajin yana aljihun wa?

Shekaranjiya wata ɗalibata ta digiri na biyu ta shigo ofis, ta ajiye kula a kan teburina, ta nemi kujera ta zauna ba ta ce uffan ba. Na buɗe. Ƙanƙarar ta narke tas, 'yan kwalaben jinin suna iyo a cikin ruwa, lambobin da ta rubuta a jikin wasu ma sun goge. Wata huɗu ta yi tana sammako zuwa asibitin yara, tana lallashin iyaye mata su yarda a ɗebi jinin 'ya'yansu, har ta tara abin da ta tara. Ta ɗauki jinin za ta kai wata jiha inda aka ce mata na'urar PCR ɗinsu, wadda ke gano ƙwayoyin halitta a cikin samfur, tana aiki, mota ta lalace musu a daji, suka kwana a hanya. Aikin wata huɗu ya bi ruwa.

Abin da ya hana ni barci shi ne irin wannan na'urar tana nan cikin garin da muke. Kuɗin adaidaita sahu ɗaya ne tsakaninmu da ita. Na gan ta da idona, an lulluɓe ta da leda kamar kayan ɗakin amarya, a wata makarantar, cikin ginin da aka yanka ƙyalle aka buɗe da kiɗa da 'yan jarida. Mun rubuta takarda ta bi ta hannun shugaban sashe, ta hau sama, ta tsallaka waccan makarantar, ta sauko. Amsar da ta dawo, bayan yarinyar ta riga ta gaji da jira ta kama hanya, ita ce mai riƙe da makullin ya yi tafiya, kuma ko yana nan ma, ɗalibar ba tasu ba ce.

Ba zan kama suna ba, don ban ɗauki mutumin nan a matsayin mugu ba. In ni aka damƙa wa makullin a irin yanayin da muke ciki, ban da tabbacin zan yi abin da ya fi nasa. In ya bari baƙuwa ta taɓa na'urar ta lalace, shi za a kafa wa kwamiti. Babu kuɗin gyara a kasafi, babu injiniyan da zai zo, sinadaran da ke ciki wataƙila da albashinsa ya saya. Hanya mafi sauƙi da zai tsira da mutuncinsa ita ce ya rufe ya sa makulli a aljihu. Tsarin ne ya koya masa haka.

Na taɓa ganin wani tsari dabam, shi nake so in ba ku labari, ko da rubutun zai yi tsawo.

Shekarun baya Allah ya kai ni jihar Montana ta Amurka, na yi wasu watanni. Mu a nan in an ce Amurka, Harvard muke hangowa. Montana kuwa ƙasar makiyaya ce da manoman alkama da duwatsu. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita dubu 380, wato wajen kashi 40 cikin 100 na Najeriya gaba ɗaya, amma mutanenta miliyan ɗaya ne da 'yan kai. Kana iya tuƙi na awa guda ba ka ga komai ba sai shanu da shingen waya. A ma'aunin binciken lafiya na ƙasarsu, su ma 'yan baya ne.

Hukumar da ke rabon kuɗin binciken lafiya a Amurka ita ce NIH, mai hedikwata a Bethesda cikin jihar Maryland, kuma kasafinta na shekara ya haura dala biliyan 45. Ta hanyar gasa ake rabon: ka rubuto abin da kake son bincikawa, masana su duba, wanda ya fi shi ke samu. Da jin wannan ka ce adalci ne. To amma wa zai fi? Wanda ya riga yake da kayan aiki da ƙwararru da sakamakon baya da zai nuna. Shi ya sa jihohi irin su Kalifoniya da Massachusetts da New York suke kwashe kaso mafi tsoka shekara da shekaru, inda ake da shi nan ake ƙarawa. A 1993 majalisar dokokin ƙasar ta sa aka kafa wani shiri mai suna IDeA domin jihohin da aka bari a baya. Jihohi 23 ne da tsibirin Puerto Rico, su Montana da Idaho da Wyoming da Alaska da Mississippi da Kentucky da Maine da sauransu, waɗanda in ka haɗa abin da suke samu duka bai kai kashi 10 cikin 100 na kuɗin hukumar ba. A ƙarƙashin shirin, a 2001 aka fara ba kowace jiha tallafin haɗa makarantunta wuri guda, a 2004 aka sa masa sunan da ake kiran sa da shi yanzu, INBRE.

Kowace jiha tallafi ɗaya take samu, ba kowace jami'a ba. Nan ne dabarar take. Na shekara biyar ne, kuma yakan kai wajen dala miliyan 20. Babbar jami'ar jihar ce ke riƙe kuɗin, amma ba za ta same shi ba sai ta zo da ƙananan makarantun jihar a bayanta, ta nuna abin da kowace za ta samu. In shekara biyar ta cika ana son sabuntawa, tambayar da za a yi ita ce malamai nawa na ƙananan kwalejojin nan suka tsaya da ƙafafunsu, ɗalibai nawa suka taɓa aikin bincike da hannunsu, kuma ina suke yanzu. A Montana jami'ar jihar da ke Bozeman ce jagora, kuma cikin haɗakar har da kwalejoji bakwai na ƙabilun asalin ƙasar, waɗanda muke ce wa Jajayen Indiyawa. A Maine ma ba jami'a ce jagorar ba, wata ƙaramar cibiyar bincike ce da ke bakin teku a Bar Harbor.

Ranar da na fara buƙatar wata na'ura da babu ita a inda nake, na je babban ɗakin gwajin haɗakar na tambayi matar da ke kula da shi wa zan rubuta wa takarda. Ta dube ni kamar na yi mata wani yare. Ta juyo min da fuskar kwamfuta: jadawali ne, ranakun mako da awoyi, inda aka kama an cike, inda ba a kama ba fili. Ta ce in fara zuwa ta koya min yadda ake amfani da ita, in ta gamsu ba zan yi ɓarna ba ta buɗe min suna, daga nan in riƙa zaɓar lokacina da kaina. A bango ga takardar farashi, awa kaza kuɗi kaza, ɗan haɗaka ana yi masa ragi. A jadawalin na ga sunan farfesan da ya yi fice, a ƙasansa ga sunan wani yaro ɗan aji biyu daga kwalejin da ke nisan tuƙin awa uku, kowa da awarsa. Farfesan bai isa ya ture yaron ba.

Ita matar nan ba farfesa ba ce. Aikinta ke nan shekara da shekaru, ta san kukan kowace na'ura, ta san ranar da kamfani zai turo mai dubawa domin an biya kuɗin wannan tun ranar saye. Ni a ganina ita ce ginshiƙin abin duka, kuma irin ta ce muka fi wulaƙantawa a jami'o'inmu. Ma'aikacin ɗakin gwaji a wurinmu ɗan share benci ne da jera kwalabe ranar da masu tantance kwasa-kwasai za su zo. Ba a tura shi kwas, ba a sa sunansa a takardar bincike, in an sayo na'ura ma malami ake turawa waje ya koyo ta, ya dawo a ba shi muƙamin darakta, ya daina shiga ɗakin.

Abu na biyu da kuɗin ke saye ya fi ba ni mamaki: lokaci. Malamin ƙaramar kwaleji a can ma koyarwa ce ta danne shi, aji bayan aji. In ya ci gasar cikin gida ta haɗakar, sai a biya makarantarsa ta ɗauko wanda zai riƙe wasu azuzuwansa, shi kuma ya ba bincike wajen rabin lokacin aikinsa. A haɗa shi da wani babba a jami'ar da ke jagoranci, wanda zai riƙa duba aikinsa da rubutunsa, da nufin nan da 'yan shekaru ya iya shiga babbar gasar ƙasa ya ci da kansa. Ku da kuke koyarwa kun san abin da nake nufi. Malamin da ke da kwas biyar, ɗalibai 400 a aji ɗaya, takardun jarrabawa cike da buhu, ga furojet na yara 30, ga aikin haɗa sakamako, ko ka ajiye masa na'urar biliyan ɗaya a ƙofar ofis, gaishe ta kawai zai riƙa yi in zai wuce.

Sai ɗalibai. Lokacin dogon hutunsu na bazara, ana ɗaukar yaran digirin farko su yi kamar mako 10 a ɗakin gwaji ana biyan su alawus. Biyan nan ba ƙaramin abu ba ne, domin ɗan talakan can ma da hutu yake neman kuɗin makaranta, in ba a biya shi ba gona ko kanti zai tafi. Ƙarshen hutun a taru daga duk faɗin jihar, kowane yaro ya tsaya gaban fostarsa yana kare abin da ya gano. Na ga yarinyar da muryarta ke rawa a tambaya ta farko, zuwa ta biyar tana yi wa wani farfesa gyara.

Wanda ya fi zama min a rai shi ne aikin ruwa na ƙabilar Crow, ɗaya daga cikin ƙabilun asalin ƙasar da ke Montana. Mutanen yankin da yawa ruwan rijiyar gida suke sha, kuma sun daɗe suna zargin ruwan. Dattawansu da kwalejinsu ta Little Big Horn da masana daga Bozeman suka haɗu, ɗaliban kwalejin, 'ya'yan garin, su ne suka riƙa bi gida gida suna ɗibar ruwa. Aka tarar rijiyoyi da dama suna ɗauke da sinadarai irin su yuraniyam da manganis fiye da ƙima. Baƙo daga birni ba zai samu shiga gidajen nan yadda jikar gidan za ta shiga ba, ita kuma jikar ba ta da na'urar auna yuraniyam. Haɗakar ce ta sada su. Kuma tambayar daga mutanen garin ta fito, ba daga wani ofis a Washington ba.

A nan ne hankalina ya dawo gida. A 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, su Dareta da 'Yargalma, daga baya Bagega. Ƙungiyar likitocin MSF ce ta lura, kuma sai da aka fitar da jini ƙasar waje aka tabbatar gubar dalma ce daga dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara wajen 400 suka rasu. Auna dalma a jini ko a ƙasa ba wani sihiri ba ne, aikin da sashen kimiyyar sinadarai na jami'a ya kamata ya iya ne. Haka ciwon ƙoda da ya addabi mutanen Gashuwa da kewayen kogin Yobe shekara da shekaru. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu kullum sai gawa ta taru muke tambayar ina ɗakin gwajin yake.

Kada a ce na mayar da Amurkawa mala'iku. Shirin nan siyasa ce ta haife shi kuma ita ke raya shi. A majalisar dattawansu kowace jiha sanata biyu gare ta, Wyoming da mutanenta ba su kai dubu 600 ba daidai take da Kalifoniya mai kusan miliyan 40, saboda haka jihohi 23 in sun haɗa kai ba a iya ture su. A can ma akwai masu cewa raba kuɗin kimiyya bisa taswira rage inganci ne. Na ji malaman ƙananan kwalejoji suna gunaguni cewa babbar jami'a ce ke shan romon, su ana kiran su ne a cika lissafi, kuma rahotannin da ake nema sun ishe su. Sannan duk abin ya rataya ne a wuyan gwamnatin tarayya: a watan Fabrairun 2025 da NIH ta sanar za ta rage kuɗin ɗawainiyar da take ba jami'o'i zuwa kashi 15 cikin 100, sai da aka je kotu aka dakatar. Duk da haka ban yarda da masu maganar inganci ba. Maurice Hilleman, wanda ke da hannu a alluran rigakafi sama da 40, ciki har da na ƙyanda da hangum da ciwon hanta, ɗan gona ne daga kusa da Miles City a Montana, kuma a wannan jami'ar ta Bozeman ya yi digirinsa na farko, tun kafin a yi mafarkin wani INBRE. Saura ƙiris ya ƙare a matsayin yaron kanti. Irin sa nawa ne suka ƙare a kantin?

To mu fa? Ba za a ce ba a kashe kuɗi ba. Tun 2011 TETFund ke zuba kuɗin harajin kamfanoni a manyan makarantun gwamnati, kuma duk wanda ya shiga jami'o'inmu ya ga gine-ginen. Sai dai kowace makaranta rabonta take karɓa ta shige gida ta rufo ƙofa. Sai ka tarar a jiha ɗaya an sayi na'ura iri ɗaya sau huɗu, ɗaya babu sinadarai, ɗaya babu wuta, ɗaya ba wanda ya iya ta, ɗaya tana cikin kwali har garantinta ya ƙare. Da ɗaya aka saya, aka kashe kuɗin sauran ukun kan sola da batir da albashin ƙwararru biyu da kuɗin gyara na shekara biyar, da yau tana aiki dare da rana. Amma gini ana yanka masa ƙyalle, ana liƙa masa allo mai suna. Albashin mai kula da firiza ba ya fitowa a hoto.

Akwai abubuwan da za a ɗora a kai. A Yobe, tun 2021 aka buɗe cibiyar BioRTC a jami'ar jihar da ke Damaturu, bisa jagorancin Dakta Mahmoud Bukar Maina, masanin ƙwaƙwalwa da ke Jami'ar Sussex a Ingila, da goyon bayan gwamnatin jihar. Sun samo manyan madubai na zamani, suna tara matasa daga wurare dabam dabam suna horar da su, kuma sun sa ciwon ƙodar nan a gaba. Wannan shi ne abu mafi kusa da abin da nake magana a kai da na sani a Arewa. Jihar tana da jami'ar tarayya a Gashuwa, da asibitin tarayya a Nguru, da asibitin koyarwa a Damaturu, da kwalejojin jinya da na kiwon lafiya. In aka ɗaure waɗannan da yarjejeniya da kasafi, malamin Gashuwa ya san yana da haƙƙin awa kaza a Damaturu ba sai ya san wani ba, an gama rabin aikin. Kano kuwa abin ma ya yi mata yawa: Jami'ar Bayero, da Asibitin Malam Aminu Kano, da jami'ar Wudil, da ta jiha da ke cikin birni, da masu zaman kansu, ga cibiyar bincike ta Kwanar Dawaki da aka gina daga kuɗin sasancin shari'ar Pfizer kan gwajin maganin Trovan na 1996. Duk cikinsu babu wadda ta kai tuƙin awa biyu daga 'yar'uwarta. 'Yan Montana da za su ga wannan kusancin da sun yi mana dariya.

Na san inda gizo ke saƙar. Gwamna ba shi da iko da jami'ar tarayya, ita kuma tana ganin ta fi ƙarfin zama teburi ɗaya da kwalejin kiwon lafiya. Ranar da aka kira taron farko, awa uku za a kashe kan wa zai zama shugaba da inda za a ajiye ofis. Umarni ba zai yi aiki ba, kwaɗayi ne zai yi: a ajiye kuɗin a tsakiya, a ce babu mai taɓawa sai wanda ya buɗe ƙofarsa ya kafe jadawali da farashi a fili. Masu tantance wanda zai samu kuma a ɗauko su daga wajen jihar, mutanen da ba su da ɗalibi ko suruki a cikin masu nema, in ba haka ba cikin shekara biyu abin zai koma tuwona maina. Kuma a yi shi da dokar majalisar jiha, da kaso tsayayye, don bincike ba ya jure a ba shi bana a hana shi baɗi. Firizar da ke riƙe samfur a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili ba ta san an canja gwamnati ba, ba ta kuma san ana yajin aiki ba. Wata takwas aka yi a 2022, ku tambayi duk mai ajiya a firiza abin da ya tarar da aka dawo.

Wani zai ce, Malam, ana fama da albashi da maganin zazzaɓi a asibiti kana maganar bincike. Na ji, kuma ba na cewa a kwaikwayi dala miliyan 20. Abin da nake lissafawa bai kai kuɗin gadar sama ɗaya ba: wutar sola a ɗakuna biyu ko uku da ake da su, ma'aikata ƙwararru da aka ba su daraja, mota ɗaya mai firiji da za ta zaga makarantu da manyan asibitoci ranar Talata da Alhamis ta kwaso samfur, ƙananan tallafi ga matasan malamai tare da rage musu azuzuwa, da alawus ɗin yara lokacin hutu. Na'urorin ma an riga an saya, suna ƙarƙashin leda.

Ɗalibar tawa za ta sake daga farko. Abin da ta ce ya fi damun ta ba wata huɗun ba ne. Akwai wata uwa da ke tare ta duk ranar asibiti tana cewa, "'Yar nan, ina sakamakon jinin yarona da kika ɗiba?" kuma ba ta san me za ta ce mata ranar Litinin ba. Ni kuma jiya na yi ta buga waya har na samu wani abokin karatuna wanda matarsa 'yar'uwar mai makullin ce. Ya ce in bari mutumin ya dawo, za mu je gida mu gaishe shi da daddare, in ya so sai a san yadda za a yi.